Kalsiyam a sel ɗin tsiro lokacin rabuwa: ina yake zama, me yake yi a wurin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da warhaka, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce ina aji biyu a fannin ilimin tsirrai, a Tudun Wada nake nan Kaduna. Wani abu ne ya ɗaure min kai tun satin da ya wuce. A littafinmu an rubuta cewa sel ɗin tsiro ba zai iya rabuwa gida biyu ba sai da kalsiyam, amma kuma a aji malaminmu ya ce kalsiyam guba ne ga cikin sel, wai sel kullum korarsa yake yi waje, har ya ce idan ya yi yawa zaren da ke jan kuromosom narkewa yake. Toh Malam wanne zan ɗauka? Abin da ake kora kuma shine ake buƙata? Kuma a ina takamaimai yake zama lokacin da sel yake rabuwa? Don Allah a min bayani yadda zan gane, jarabawa ta matso. Na gode.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Ki ɗauki duka biyun, littafinki bai yi ƙarya ba malaminku ma bai yi ba, kowanne da wurin da yake magana a kai. Wuta ma ai haka take, a murhu ita ke dafa tuwo, in ta hau jinka kuwa sai an tara unguwa.

Bari mu fara da abin da na tabbata kin taɓa riƙewa da hannunki, wato firatikal ɗin saiwar albasa. An ɗora albasa a bakin kofi gindinta yana taɓa ruwa, bayan kwana uku ko huɗu fararen saiwoyi suka fito, aka ce ki yanko ɗan tsinin nan na ƙarshe da bai wuce milimita 2 ba saboda nan ne sel suke ta rabuwa, sannan aka ce ki sa shi a asid ɗin HCl mai ɗumi na wasu mintoci kafin ki ɗiga masa kala ki danne da babban yatsa. Yawancin ɗalibai suna yin wannan matakin na asid ne kawai don an rubuta a allo, in ka tambaye su amfaninsa sai su fara kallon silin. Toh amfaninsa shine tambayarki. Tsakanin bangon sel ɗaya da na maƙwabcinsa akwai wani siririn shafe mai danƙo da ya manne su, shine ake kira midil lamela, mafi yawansa fektin ne, kuma kalsiyam ne ya ɗaure fektin ɗin. Asid yana warware wannan ɗaurin, sel su saki juna, shi ya sa da kin danne suke bajewa ɗaiɗai har ki iya ganin kuromosom ɗin albasa, wato sandunan da ke ɗauke da bayanan gado, guda 16 ne. In kika tsallake asid ɗin ko kin hau kan gilashin da ƙafa dunƙule za ki gani, ƙarshe ma gilashin ne zai fashe a ce ki biya.

Yadda ɗaurin yake ba wuya. Fektin doguwar sarƙa ce ta wani nau'in suga mai ɗauke da cajin negatib a jikinsa, shi kuma kalsiyam caji biyu gare shi na fozitib, sai ya kama sarƙar nan da hannu ɗaya ya kama waccan da ɗaya hannun. Masana suna kwatanta shi da kiret ɗin ƙwai, sarƙa sama sarƙa ƙasa, kalsiyam a zaune cikin ramukan kamar ƙwai. Da farko idan sel ya ƙera fektin a rufe wuraren kamawar suke, sai ya isa bango sannan wani enzayim, wato furotin mai gudanar da aikin sinadarai, ya bi yana cire murafen, daga nan kalsiyam ya samu wurin kamawa abin ya daskare. Kin ga kenan sel da kansa yake zaɓar lokacin da simintinsa zai kama.

Wannan ilimin ma iyayenmu mata sun riga mu aiki da shi a kicin. Wake ya ƙi dahuwa, gawayi na ƙarewa, me ake yi? A jefa 'yar kanwa. Kanwa tana sassauta fektin ɗin nan ne, sodiyam ɗin cikinta ya ture kalsiyam daga mazauninsa, sel su rabu da juna wake ya yi luguf. Masu tumatirin gwangwani yankakke kuma akasin haka suke yi, su kalsiyam suke ƙarawa don kada ya dagargaje.

Toh wannan wuri na farko kenan, bango, kuma a nan kalsiyam yana da yawa ba a ƙyashinsa. Wuri na biyu mai yawa shine babbar jakar ruwan nan ta tsakiyar sel, bakiyol, can ake tara rarar, wani lokacin ma har a mayar da shi ƙananan allurai na kalsiyam okzalet. Ƙaiƙayin da gwaza take sa wa a maƙogwaro idan ba ta dahu sosai ba, da hannun alluran nan a ciki. Sai dai ki lura, sel ɗin da yake rabuwa a tsinin saiwa ba shi da wannan ƙatuwar jaka tukuna, ƙananan jakunkuna ne birjik, sai ya daina rabuwa ya fara tsawo suke haɗewa su zama ɗaya.

Yanzu maganar malaminku. Ruwan cikin sel kansa, wato saitofilazim, kalsiyam ɗin da ke yawo a sake a cikinsa kusan nanomola 100 ne kawai, alhali a bango da cikin jaka ana maganar milimola ne (duka biyun ma'aunin yawan sinadari ne a cikin ruwa), wato bambancin ya kai ninki 10,000. Kuma ba haka kawai ya faru ba, sel yana ƙona ATP, sinadarin da ke ba shi kuzari, dare da rana, da famfunan da ke jikin fatarsa da na jikin jakunkunansa, suna kwashe kalsiyam suna fitarwa. Dalili kuwa, duk harkar kuzarin sel da fosfet ake yinta, ATP kansa fosfet uku ne a jere, shi kuma kalsiyam in ya haɗu da fosfet daskarewa suke su zama dutse, irin abin da ƙashinki da haƙoranki suka ginu da shi. Sel ɗin da ya bar kalsiyam ya cika masa ciki ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Wannan ce gubar da ake nufi.

Amma nan ne abin yake da ban sha'awa, ni dai har yau in ina koyar da shi sai na ji daɗi. Tunda cikin ya zama shiru haka, ko kaɗan aka sako kowa zai ji. Ki tsaya tsakiyar Kasuwar Bacci da azahar ki ƙwala wa wani kira, ba lallai ya juyo ba, amma da asuba ladan yana gyaran murya a lasifika unguwa guda ta san lokaci ya yi. Haka sel ya mayar da kalsiyam ɗan aike. A buɗe ƙofa na ɗan lokaci a wani lungu, kalsiyam ya kwararo ya ɗaga daga nanomola 100 zuwa wajen maikuromola 1, wato ninki goma, a wannan lungun kaɗai, wasu furotin su kama shi su canza siffa su tayar da aiki, sannan famfuna su share wurin a koma shiru. Sanannen cikinsu shine kalmodulin, yana kama kalsiyam huɗu. Tsirrai kuma suna da wasu nasu da mu ba mu da su, ana ce musu CDPK, su suna kama kalsiyam ɗin kuma su aiwatar da umarnin da kansu ba sai an nemo wani ba, ƙaramin tsiron nan Arabidopsis da ake yawan bincike da shi yana da guda 34.

Toh mu shiga cikin rabuwar kanta mu ga ina yake.

Idan fatar nukiliyas, wato ɗakin da kuromosom suke ciki, ta watse kuromosom suka fito fili, ana kafa sifindil, zaruruwan nan da ke tasowa daga ɓangarori biyu su kama kuromosom. Zaruruwan ƙananan bututu ne, maikurotubul, ana harhaɗa su ana kwance su kamar rumfar biki, kuma gaskiyar malaminku ne, kalsiyam in ya yi yawa kwance su yake. Sel ɗin tsiro mai fure ba shi da sentiriyol, ɗan abin nan da ke zama a kawunan sifindil a sel ɗin dabba, ki riƙe wannan don suna son tambayarsa. Abin da za ki gani a kawunan sifindil ɗin biyu shine tarin ragar nan ta fata mai kama da lallausan bututu, endofilazmik retikulum, ta taru a can ta kewaye sifindil ɗin kamar kwando, har wasu rassanta suna kutsawa ciki suna bin zaruruwan da suka kama kuromosom. Wannan ragar rumbun kalsiyam ce. Tana tsotse shi daga wurin don zaruruwan su tsaya da ƙafarsu, kuma tana iya sako shi daidai inda ake so. Kalmodulin ma a nan kan sifindil ɗin ake samunsa a tare.

Ba da ka aka faɗi wannan ba. Wani masani Ba'amurke Peter Hepler da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna bin abin, tun wajen 1980. Sun yi amfani da wani sinadari da ke daskarewa duk inda ya tarar da kalsiyam, suka ga baƙaƙen ɗigo a cikin ragar nan da ke kewaye da sifindil. Sun kuma yi amfani da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ɗan gidan tetirasaikilin wanda yake ƙyalli in ya haɗu da kalsiyam ɗin da ke jikin fata, ƙyallin ya fito a kan sifindil da kuma layin zaruruwan. Tsiron da suka fi so shine Tradescantia, furen ado ne, yana da wasu gashi a cikin furensa waɗanda sel ne a jere ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, kana iya kallon sel ɗaya yana rabuwa da ransa har ka yi masa allura. A 1985 Hepler ya nuna cewa in aka hana sel ɗin samun kalsiyam daga waje sai ya daɗe a tsaye a metafes, kuromosom sun yi sahu a tsakiya amma an ƙi tayar da tafiya. Daga baya suka auna suka ga kalsiyam yana ɗagawa a lokacin anafes, lokacin da ake jan kuromosom zuwa ɓangarori biyu. Wanda ya fi burge ni shine na allurar, kuromosom suna tafiyarsu kamar maikuron ɗaya a minti, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, da aka ƙara kalsiyam ɗan kaɗan sai saurin ya kusa ninkawa, da aka zarce kuma sai tafiyar ta lalace. Kuma da ma'ana, don jan kuromosom ai gajarta zaren ne ake yi ta hanyar kwance shi sannu a hankali, kaɗan yana taimakon kwancewar, da yawa ya rushe rumfar gaba ɗaya mutane na ciki. Kin ga amsar tambayarki a gwaji ɗaya.

Sai kuma mataki na ƙarshe, wanda shine littafinki ya fi nufi. Sel ɗin dabba in zai rabu tsuke ƙugunsa yake kamar an ɗaure ledar kunu da zare a tsakiya har ta yanke. Na tsiro ba shi da wannan damar saboda yana cikin akwati mai tauri, dole ya gina sabuwar katanga a tsakiya kamar mai gidan haya a Rigasa da ya raba falo ɗaya ya zama ɗaki biyu. Bambancin kawai shi magini daga jikin bango yake farowa, shi kuwa sel daga tsakiyar ɗaki yake fara gininsa a iska ya yi ta faɗaɗawa har ya taɓo bangon uwa ta kowane gefe. Bayan kuromosom sun isa, ragowar zaruruwa da wasu sababbi suna jeruwa a tsakiya su zama abin da ake kira firagmofilas, shine titin da ƙananan ƙunsoshi suke bi daga Golji, wurin da sel yake haɗa kaya yana ƙunshewa, ɗauke da fektin da sauran kayan gini, su zo tsakiya su yi ta haɗewa da juna har su zama faifai. Wannan faifan shine sel filet. A wannan lokacin in kika sa sinadarin ƙyallin nan, layin tsakiyar ne yake haskawa, ragar retikulum ta taru a wurin, kalmodulin ma ya baro kan sifindil ya dawo nan. An gwada yi wa sel allurar wani sinadari mai kame kalsiyam yana baje shi don kada ya taru wuri ɗaya, sai faifan ya ƙi haɗuwa ko ya fito a karkace. Wato ba samuwar kalsiyam kaɗai ake so ba, ana so ya fi yawa a bakin ginin fiye da sauran wurare.

Faifan da farko lallausa ne, ana fara ƙarfafa shi da wani abu kalos wanda enzayim ɗin da ke ƙera shi kalsiyam na cikin masu tayar da shi, daga baya a rushe kalos ɗin a kawo selulos, zaren da ke ba bango ƙwari, ta gefe da gefe, kowane ɗa ya gina nasa bangon, tsakiyar kuma ta zama midil lamela ɗin da muka fara da shi, kalsiyam ya ɗaure fektin. Wasu rassan retikulum da ginin ya rutsa da su a tsakiya ba a yanke su, su ne suke zama ƙananan kafofin da 'ya'yan biyu za su ci gaba da miƙa wa juna kaya.

Af, ga wani abu da zai ba ki dariya. Kafin, sinadarin nan da ke cikin goro da kofi mai hana barci, in aka jiƙa saiwar albasa a ruwansa sel yana raba kuromosom lafiya lau amma faifan ba ya kammaluwa, sai ki ga sel ɗaya da nukiliyas biyu a ciki, mata biyu ɗaki ɗaya. Tsohon gwaji ne da aka sani. Kada dai ki je ki ce wa Kaka ta daina cin goro, ita ba ta gina sel filet.

Yanzu mu fita daga lab mu je lambu, don a can ne za ki ga abin da idonki ba madubi. Kalsiyam yana shiga tsiro ne ta ƙananan sababbin saiwoyi, ya hau ta bututun ruwa zailem, kuma inda ruwa ya fi fita ta ganye can ya fi zuwa. Da zarar an gina shi a bango ko an kulle shi a jaka shikenan ya zauna, ba ya bin ɗaya bututun na abinci ya koma wani wuri. Naitirojin in ya yi ƙaranci tsiro yana kwasowa daga tsohon ganye ya kai wa sabo, shi ya sa masarar da ke jin yunwar yuriya ganyen ƙasa ne ke fara yin ɗorawa. Kalsiyam ba a ranto shi daga tsoho. Duk sel ɗin da zai rabu yau sai an kawo masa nasa yau, kuma wuraren da ake rabuwar, tsinin saiwa da kan toho da ƙaramin ɗan itace, su ne ba sa fitar da ruwa sosai balle su jawo rabonsu. Shi ya sa alamar rashinsa kullum a sabon wuri take, toho ya ƙone, sabon ganye ya fito a murɗe, saiwa ta gajarce ta yi baƙi-baƙi da yauƙi.

Ki sauka fadamar bakin Kogin Kaduna a watan Maris lokacin da zafi ya fara, ko in kin samu zuwa wajen Ikara ko Soba inda ake tumatir da yawa, ki ɗaga 'ya'yan ki duba ƙasansu. Za ki samu wasu da baƙin tabo a gindi ya lotsa ciki kamar an ɗana musu guga, saman kuma lafiyayye. Sau da yawa na ga manomi ya kashe kuɗi a maganin feshi yana zaton cuta ce, ba cuta ba ce, kalsiyam ne bai isa can ƙarshen ba tun ɗan yana ƙarami yana gina sel, bango ya fito ba ƙwari fatar sel ta yi ta yoyo wurin ya mutu. Kuma mafi yawan lokuta ƙasar tana da kalsiyam ɗinta, ban ruwan ne ba tsari, yau a cika kwami gobe da jibi babu man inji a bar shi ya bushe, ga iska mai zafi ganye na ta janye ɗan ruwan da ya samu, ga yuriya an zuba da yawa ganye ya yi ta haukan fitowa yana cinye rabon 'ya'ya. Tattasai da kankana ma suna yi. Feshin kalsiyam a ganye ba ya wani kai labari tunda daga ganyen ba zai tashi ya je ɗan ba, ni abin da nake fara cewa shine a daidaita ruwa a rufe gindi da ciyawa.

Gyaɗa kuma nata daban ne. Tunda 'ya'yanta a cikin ƙasa suke ba sa fitar da ruwa, kusan ba abin da uwar take aiko musu na kalsiyam, kwanson da kansa yake sha daga ƙasar da ke kewaye da shi. In babu a 'yan santimitocin nan na sama sai a tono gyaɗa kwanso fal ciki fayau. Wannan ne ya sa ake ba gyaɗa takin supa, ban da fosfet akwai kalsiyam da yawa a cikinsa, ko a watsa jibsom lokacin da ta fara fure. Masara da dawa da gero ba su cika wannan kukan ba saboda bangonsu fektin kaɗan ne, masu faɗin ganye irin gyaɗa da wake da tumatir su ne masu ci da yawa.

Game da jarabawa, in tambayar ta ce ina yake, kada ki rubuta "a cikin sel" ki yi shiru. Ki bi shi mataki mataki, a metafes yana kulle a retikulum ɗin da ke kewaye da sifindil musamman kawunansa biyu, a anafes yana ɗan ɗagawa a sake, a telofes, wato matakin ƙarshe da ake fara gina katanga, ya taru a firagmofilas da faifan tsakiya, ƙarshe ya zauna a midil lamela, ki kuma sa musu lambobin nan biyu, nanomola 100 a ciki, milimola a bango. In kuma kina da albasa a gida ki ɗora biyu yau, ɗaya a kan ruwan rijiya ɗaya a kan tataccen ruwan nan na batir da ake sayarwa a shagon kayan mota, ki riƙa canza ruwan kullum. Albasa tana da ɗan guzurinta a jiki don haka kwanakin farko duk za su fito, ki ba su kamar sati biyu sannan ki ciro ki gwada tsawon saiwoyin, ki kuma murza tsininsu a yatsa ki ji wanne ya fi ƙwari.